Idon Inna da Hoton Baba Lin

Ke Ummi, wa ya gaya miki ke ce za ki raba ni da Baffanki? Wa ya ɗora miki wannan kayan, har kika je gaban mahaifiyarki kina kuka wai kin fasa tafiya? Ni da Yaya Sabo muna faɗa tun ina yawo ba wando, kuma a kwano ɗaya muke cin tuwo har yau. Ba karatunki a ƙasar Sin ne zai fara raba mu ba.

Kin ga halin nawa ko? Ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki, ina gaida Baffanki da iyalinsa, da mahaifiyarki da ƙannenki baki ɗaya. Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ni lafiyata ƙalau, alhamdulillahi, aiki yana tafiya, sai zafin Dubai da ba ya jin roƙo. Abokina Isufu, mutumin Damagaram, shi zai kawo miki ita, don ta Gumel zai bi ya fita Maigatari. Ku ba shi tuwo, amma kada ku ba shi shayi, zai ce bai kai na ƙasarsu ba.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Ke ce 'yar fari, kuma sunan Inna aka sa miki, kunya biyu ke nan a kaina. Tun da aka yaye ki aka kai ki riƙo gidan Yaya, ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. In na zo gida, daga “kin yini lafiya” sai “ya karatu”, sai in kau da kai. Mutumin da duk 'yan kasuwar Deira, nan Dubai, suka san bakinsa ba ya rufuwa, a gabanki bebe ne. To takarda ba ta da idon da zan ji nauyi, yau sai na faɗi abin da ke cikina.

Ga inda maganar take. Kin samu gurbin karatun likita a ƙasar Sin, lokacin tafiya ya matso, fasfonki kuma yana cikin akwatin Baffanki. A wurin sunan da aka yi a gidan Kawu, gaban jama'a, ya ce makarantar 'yan mishan ne suka gina ta, 'yan gurguzu ne suke riƙe da ita yanzu, shi kuwa yarinyar da ya raina da hannunsa ba za ta je ta tsaya tsakanin waɗannan biyun ba. Tun ranar bai ƙara cewa komai ba, akwatin ma bai buɗe ba.

Kin san wanda ya gaya masa tarihin makarantar? Ni ne. Ranar da kika samu gurbin na kira shi don mu yi murna. Da na tsaya a “alhamdulillahi” da tuni kina haɗa kaya. Amma ina! Sai na ji dole ya san ƙaninsa ya yi karatu. Na kwashe masa labarin wanda ya aza tubalin farko, da yadda aka kore su, da yadda gwamnati ta karɓe. Ina ta zuba, shi kuma yana ta yin shiru, ni a wautata na ɗauka burge shi nake yi. Wannan shi ne darasinki na farko, kuma sabo ne fil, ko wata uku bai yi ba. Abin da kika sani ba dole ne kowa ya san kin sani ba. Kafin ki buɗe baki ki dubi fuskar mai sauraro, ki tambayi kanki ko maganar za ta amfane shi, ko kuwa kanki kawai kike so ya ƙara girma.

Yanzu bari in koma baya, ga abin da kowa a gidanmu ya sani amma ba wanda ya taɓa zama ya ba ki labarinsa daga farko.

Ina saurayi, gemu ya fara tsirowa, na saurari kaset ɗin wa'azi biyu ko uku na ɗauka na gama sanin duniya da lahira. A lokacin yanar ido ta rufe wa Inna idon hagu. Yaya Sabo ya bincika, aka ce masa akwai asibitin ido na 'yan mishan a birni, suna cire yana mutum ya koma gani. Ya yi shatar mota, ta zo ta tsaya a ƙofar gida, Inna ta yafa mayafinta. Sai ga ni. Na tsaya a bakin zaure na buɗe hannuwa, na ce uwata ba za ta kwanta a gadon da aka rataye gicciye a kansa ba.

Yaya ya ce, “Garba, ido za su duba, ba zuciya ba. Matsa.”

Na ce, “Ta ido suke shiga zuciyar. Kai dai ka sayar da imaninka, ka bar mana na Inna.”

Yayana, wanda ya goya ni, shi na gaya wa haka a gaban direba da maƙwabta. Ya ɗaga hannu zai mare ni, da ma ya mara. Sai Inna ta cire mayafinta ta ninke, ta ce, “Ku bar faɗa a kaina. Sabo, sallami direban. Idon ai nawa ne, na haƙura.”

Ummi, ki sake karanta maganar nan ta Inna. Ita ce maganar da kika faɗa wa mahaifiyarki, kusan kalma da kalma. Da aka gaya mini a waya, ina tsaye a sito a Ras Al Khor ana loda kaya, sai da na nemi kwali na zauna.

Don in nuna ni ma ina da mafita, na nemo wani mai yawo gari gari yana kwantar da yana da tsinken ƙarfe. Ya yi aikinsa a tsakar gida, Inna ta ce tana ganin haske, na fita ina taƙama a unguwa. Ba a jima ba idon ya kumbura, ya yi ja, ta kwana tana juyi ba ta ko iya ɗora kai a matashi. Da kumburin ya sauka, idon ya tafi ke nan. Bayan wani lokaci yanar ta kama na dama. Wannan karon Yaya bai shawarci kowa ba, ya ɗauke ta da sassafe. Ta dawo da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, carbinta a hannu yadda ta tafi da shi. Na tambaye ta, ina sunkuyar da kai, ko sun matsa mata da addininsu. Ta ce, “Da safe suna waƙarsu, ni ina lazimina. Yarinyar da ke wanke mini ido kuwa hannunta kamar auduga.”

Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Amma in mutum ya tsaya ta hagunta ba ta ganinsa, kuma har yau in na shiga ɗakinta ƙafata da kanta take zagayawa dama.

Saboda haka ga wasiyyata, kuma in kin manta duk sauran kada ki manta wannan. Kada ki ba da idonki don maza biyu su daina faɗa. Mu mun shirya tun kafin mako ya zagayo, Inna ce ta zauna da rabin duhu duk tsawon shekarun nan. Haƙuri abu ne mai kyau, amma akwai haƙurin da yake ƙara wa mai taurin kai taurin kai.

Kin san ban yi nisa a boko ba, faɗa na yi da malami na fita ban koma ba. Da na zo ƙasar nan ɗan dako ne ni, muna kwana a Sonapur, ɗaki ɗaya da 'yan Indiya da 'yan Bangladash, kowa da tukunyarsa a ƙarƙashin gado. A jikin kwalaye na fara haɗa baƙaƙen Turanci, don na gaji da a riƙa nuna mini kaya da yatsa. Daga nan na gano wani ɗan Indiya a bayan tashar bas da ke sayar da tsofaffin littattafai a kan sikeli kamar albasa. Wata rana na ɗauko wani ƙato, bangonsa ya yage, tarihin ƙasar Sin ne. Na ce mutanen da kullum kayansu ne a kan wuyana, bari in san su waye. Ni da ƙamus muka yi ta kokawa da shi har na kai ƙarshe, sannan na nemo wasu.

Abin da na karanta ya tafasa mini jini. Turawa sun kai musu ƙwayar maye, da hukumarsu ta hana sai aka zo da jiragen yaƙi aka tilasta musu buɗe tashoshin ruwansu. A cikin yarjejeniyoyin da aka sa su sa hannu a kai da bakin bindiga har da ba 'yan mishan damar shiga ko'ina su yi wa'azi, su sayi fili, kuma alƙalin ƙasar ba shi da iko a kansu. Suka buɗe makarantu da asibitoci. Da talakawan ƙauye suka fusata suka far musu, suka kashe na kashewa har da 'yan uwansu Sinawa da suka bi addinin, sai sojojin ƙasashe da yawa suka shiga babban birninsu, aka ɗora wa ƙasar tara mai nauyi. Daga baya Amurka ta mayar da wani ɓangare na nata kason, amma da sharaɗin a yi amfani da shi wajen tura yaran Sinawa karatu can wurinta. Na rufe littafin na ce, “Ka ji! Ashe ban yi kuskure ba a bakin zaure.” Kin ga yadda mutum yake? Dubban mutane sun mutu a wata ƙasa, ni abin da na tsinta a ciki shi ne hujjar wanke kaina.

Da wannan zafin na shiga shagon Baba Lin. Wani dattijo ne Basine, yana sayar da tabarau a sari a wani lungu a Deira. Na je ɗaukar kwalaye na wani ɗan kasuwar Kano. Ina jira ana ƙirgawa, sai idona ya kai kan wani tsohon hoto a bango, bayan teburinsa. 'Yan mata ne Sinawa cikin fararen kaya sun jeru. A tsakiyarsu wata mace tana zaune da doguwar riga irin ta Turawa, hannuwanta a kan cinya, amma inda fuskarta take rami ne, an yanke da almakashi, ana hango bangon ta ciki.

Da Turancinmu na kasuwa, nasa a karye nawa a karye, da ɗan Larabci a tsakani, na ce, “Baba, wannan 'yar mishan ce ko? Madalla da wanda ya yanke ta. Ai da ya haɗa da sauran jikin. Su suka kawo muku guba da bindiga, kai kuma ka rataye su a bango?”

Bai ɗago ba sai da ya gama rubutun da yake yi. Sannan ya ce, “Habibi, ka karanta littafi ko?”

Na ce, “Ba ɗaya ba.”

Ya ce, “Na gani a bakinka. Zauna. Shuwayya shuwayya, sannu sannu.”

Ya zuba mini shayinsu marar sukari a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ya ɗora yatsa a kan wata yarinya a layin gaba, mai faɗin goshi, ya ce mahaifiyarsa ce. Kakarsa, in ji shi, tun tana ƙarama aka ɗaure mata ƙafafu da tsumma yadda al'adarsu take a da, har ta mutu ba ta iya doguwar tafiya. Ita mahaifiyar tasa ta tsira ne don makarantar 'yan mishan ba ta karɓar yarinya mai ɗaurarriyar ƙafa, ubanta kuma yana son shinkafar da ake ba ɗalibai. A nan ta koyi aikin jinya da karɓar haihuwa a hannun matar nan ta tsakiya. Ya ce a cikin 'yan ajin akwai waɗanda suka shiga addinin malamar, ita dai uwarsa ba ta shiga ba, kuma malamar ba ta ji daɗin hakan ba, ba ta kuma ɓoye ba. Amma duk da haka ta koya mata komai.

Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki, 'yan mishan suka fita daga ƙasar, gwamnati ta karɓe makarantun ta sauya musu suna. Bayan wasu shekaru aka shiga wani zamani da matasa ke bi gida gida suna neman duk abin da ke da warin Turawa, wanda aka samu da shi a fito da shi gaban taro a wulaƙanta. Ya ce shi yana saurayi a lokacin, ya ce wa uwarsa a ƙone hoton kafin a zo. Ta ƙi. Da ya matsa, sai ta miƙa masa almakashinta na aiki ta ce ya yanke fuskar kawai. Ya sa almakashin zai zarce ƙasa, sai ta riƙe masa wuyan hannu ta ce, “Bar hannuwan. Su suka koya mini.”

Ya ce da ni, “Jiragen yaƙin gaskiya ne, littafinka bai yi ƙarya ba. Matar nan ma gaskiya ce. Rabin yaran garinmu a hannun uwata suka faɗo duniya. Kai wanne kake so in cire daga bangon?”

Na ɗauki ɗan kofin shayin na kurɓa. Sai ya tambaye ni me ya sa nake fushi da matar da ban taɓa gani ba. Ban san lokacin da na ba shi labarin Inna ba. Bai yi mini wa'azi ba. Cewa ya yi in sa a aiko da takardar awon idonta. Tabarau ɗin da Inna take sawa shekarun nan, mai sauƙin nan da ba ya danne mata hanci, daga hannunsa yake fitowa. Akwai wani sabon tabarau a cikin jakar Isufu, ki sa mata da kanki.

Abin da nake so ki ɗauka a nan: kada ki shiga ƙasar mutane da littafi a baki. Duk wanda za ki haɗu da shi a can, malami ne ko mai shara, yana da uwa da kaka, kuma tarihin da ni na karanta a takarda su a jikinsu ya bi ta kai. Akwai abin da ba za su so a tambaye su ba, kada ki tono. In sun ba ki labari da kansu, ki saurara har ƙarshe kafin ki yanke hukunci.

Kada ki ɗauka daga ranar na yi hankali. Juyawa kawai na yi na faɗa ɗaya ramin. Akwai wani gidan abinci a Deira inda muke haɗuwa ranar Juma'a mu ci tuwo da miyar kuka, 'yan Najeriya da 'yan Nijar. Sai na mai da wurin mumbarina. Kullum ina zagin mutanenmu: ga Sinawa sun karɓi makaranta sun zama abin da suka zama, mu iyayenmu sun ɓoye 'ya'ya a rumbu don kada a kai su boko, shi ya sa muke dakon kayan wasu. Har mutane suka fara ɗaukar kwanonsu suna komawa wani teburi.

Isufu ne ya taka mini birki. Shi ya yi makarantar Faransanci har ya gama, ba irina ba. Ya ce, “Garba, jiya shaiɗanu ne, yau kuma mala'iku? Ni na zauna a ajin da kake yabo. An rataya mini ƙashi a wuya don na yi Hausa a cikin aji, na yini da shi yara suna dariya. Iyayenmu da suka ƙi ba wawaye ba ne, sun ga mai allon da mai bindigar tare suka iso. Shi ke nan, ci tuwonka ya huce.”

Aka yi mini dariya, na ji haushi, na koma ga littattafaina don in samo abin da zan rufe masa baki. Sai na tarar shi ke da gaskiya, ni ne na yi tsallake a karatuna. Sinawan ba hannu biyu suka sa suka karɓa ba. Ɗaliban da suka fito daga makarantun nan, da waɗanda aka tura waje suka dawo, da yawansu su ne suka fi kowa ɗaga murya a kan mulkin baƙi. Sun yi ta matsawa har sai da aka ce makarantun su yi rajista da hukumar ƙasa, a naɗa Sinawa su shugabance su, darasin addini kuma ya zama ganin dama. Sun karɓi ilimin, sun yi faɗa a kan wa zai riƙe makullin. Kuma sun biya da tsada, wani lokacin a hannun junansu, kamar yadda hoton Baba Lin ya nuna.

To ke ma za ki ga abin da zai burge ki a can, tituna da gine-gine da asibitin da ba ki taɓa ganin irinsa ba. Ranar da kika ji bakinki yana shirin cewa “mu dai ba mu iya komai ba”, ki tuna Baffanki da bai taɓa shiga aji ba, shi ya sayar da amfanin gonarsa ya sa ki a makaranta, shi ya riƙa kai ki a kan keke. Kada ki dawo mana da raini. Mun ga masu dawowa da shi, ba ya warkar da kowa.

Sauran ƙananan abubuwa. Na je ƙasar sau biyu sayen kaya, na ga Musulmi a can, tsofaffin masallatai gare su tun kafin kakannin kakanninmu. Ki nemi shagunan taliya na masu fararen huluna, abincinsu halal ne, kuma in kika yi musu sallama za ki ga yadda fuskarsu za ta sake. Ki koyi yarensu da gaske, kada ki tsaya a na aji, marar lafiya ba da Turanci yake nishi ba. Za a kalle ki a hanya, wasu har su so taɓa mayafinki. Yawanci rashin sani ne, kada ki ɗauko halina ki mayar da kowane kallo faɗa. Sallarki kuwa ki riƙe ta ba tare da kin yi shela ba, ki yi yadda kakarki ta yi: suna waƙarsu, tana laziminta. Ba zan ɓoye miki ba, tsoron Baffanki ba ƙarya ba ne. Ƙasa ce da hukuma ba ta son addini ya ɗaga murya, kaɗaici kuma yana sa mutum ya bi duk wanda ya yi masa murmushi. In kin ji ƙafarki tana zamewa, ki kira gida tun da wuri, Baffanki za ki fara kira kafin ni.

An ce a makarantar taku har yanzu akwai tsofaffin gine-ginen farko, bangon bulo irin na Turawa da rufi irin na Sinawa. In kin isa ki je ki tsaya a gabansu. Kada ki tofa musu yawu, kada kuma ki rusuna musu. Ki duba kawai, ki san mutane ne suka gina, da niyyarsu mai kyau da marar kyau a cakuɗe, wasu mutanen kuma suka karɓe suka ci gaba. Sannan ki shiga aji ki koyi abin da ya kai ki. Duk malamin da ya koya wa hannunki wani abu, ki gode masa ko da ba ya sallah, ko da bai yarda akwai Allah ba. Shiriya ba a hannunki take ba, godiya kuwa tana hannunki.

Ni dai Ummi, ban da abin da zan ce wa Allah sai godiya. Ɗan dako ya samu ɗan ofishinsa na tura kaya, da tebur da fanka da sunansa a ƙofa. Da yamma in na tashi nakan hau abra, ɗan kwalekwalen da ke tsallaka da mutane, ba don ina da abin yi a wancan gefen ba, sai don iskar. In zauna tsakanin mutanen ƙasa goma, in tuna wai 'yata ce za ta zama likita. Da na gaya wa Baba Lin, sai da ya tashi tsaye ya kama hannuna da nasa biyu. Ya ce in gaya miki ki zaɓi ɓangaren ido, wai zai ba ki tabarau a farashin sari. Na ce masa ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya. Allah Ya tsare miki imaninki da mutuncinki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki san kowa ba. Allah Ya sa albarka a hannuwanki, Ya sa su zama sanyi ga duk wanda za su taɓa. Allah Ya ba ki haƙurin Inna ba tare da asararta ba, Ya raba ki da bakin ubanki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini shirun da na yi miki shekara da shekaru.

Abin da ya rage ba naki ba ne, kuma ba ke za ki karanta shi ba, ba tarbiyya ba ce 'ya ta tsaya gaban wanda ya raine ta da irin wannan magana. Ki miƙa wa Isufu. Na roƙe shi ya kwana a Gumel har Juma'a, ya karanta a tsakar gida bayan an sauko daga masallaci, lokacin da kowa yake zuwa gaida Inna.

Yaya, ina gaishe ka da girmamawa. Ummi 'yarka ce, ni haihuwa kawai na yi, kuma in ka ce a'a bayan ka ji wannan, ba zan tsallake maganarka ba. Amma a gaban jama'a ka yi magana, don haka a gaban jama'a nake roƙon amsa. Shekarun baya kai ka kawo mota ƙofar gidan nan, ni na tare zaure. Kai ka ce mini ido za su duba, ba zuciya ba. Kai ne mai gaskiya, kuma ban taɓa faɗa maka haka a gaban mutane ba sai yau. Yanzu ga mota ta sake tsayawa, ga wata Hajara, takwarar Inna, ta yafa mayafi, har ta fara ninke shi tana cewa ta haƙura. Na san ba taurin kai ne ya tsayar da kai ba irin nawa, ƙauna ce da tsoro. Amma zauren ɗaya ne, Yaya, na san shi, na tsaya a wurin.

Ga Inna nan zaune. Ka zagaya ta damanta inda za ta gan ka, ka faɗa mata da bakinka, kowa yana ji: za ka buɗe akwatin, ko a sallami direban?

Ƙaninka, kuma mahaifin Ummi,
Garba
Deira, cikin watan Sha'aban